Ƙofar da Na Ba da Aro

Ku matso kusa, jikokina, ku ajiye surutu ku ba ni kunne. Ni ban taɓa zama a aji ba, amma akwai shekarar da makaranta ta biyo ni har gida.

Shekarar da gwamnatin soja ta ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta ke nan. Muna zaune a Kafanchan bayan tashar jirgi, kakanku yana noman citta, ni ina sayar da kunu. A lokacin, in yaro ya yi fashi, hedimasta yakan tura manyan 'yan aji su je gidansu su ɗauko shi cak, suna waƙa. Don haka ba a ɗaukar yaro sai an san ƙofar da za a je nemansa.

Akwai wata mata da take kwana da 'yarta cikin tsohon tarago a ƙarshen layin dogo. Ba wanda ya san garinta. Wasu sun ce daga wajen Kagarko take, wasu sun ce yaƙi ne ya ci mijinta. Ruwa take ɗebo wa masu abinci. Wata safiya ta durƙusa gaban tukunyata, ta ce ta kai yarinyar makaranta, hannunta ya zagaya kai ya kama kunne, alamar ta isa shiga, amma hedimasta ya ce tarago ba gida ba ne.

"Mama, ba abinci nake roƙo ba," in ji ta. "Ƙofarki kawai za ki ara mini."

A raina na ce macen da take kwana a gefen jirgi, ranar da 'yarta ta sami ƙofa, jirgin za ta hau ta bar mini ita. Yayan kakanku ya ce wadda aka kira 'yar gida a gaban hedimasta yau, gobe danginta za su zo nuna gona. Matar fasto kuwa ta ce gwamnati ta ce kowane yaro, ba ta ce yaron mai gida ba. Da na tambaye ta me ya hana ta ara tata ƙofar, sai ta ce ai gidan ekklesiya ne.

Matar nan kullum sai ta zo ta durƙusa, har masu sayen kunu suka fara kallona. Na yarda, amma da sharaɗi: yarinya ta tsaya a bakin ƙofa da safe, ta bi 'ya'yana, in an tashi ta koma taragonsu. Daga ranar, duk jirgin da ya yi kuka sai na leƙa famfon da ake ɗebo ruwa in ga ko uwar tana nan.

Cikin damina, wata safiya na ji waƙa tana nufo gidana. Manyan 'yan aji ne, sun zo ɗaukar yarinyar. Na ce abin da nake tsoro ya zo. Na ɗaura zane na bi layin dogo, yaran suna bayana.

Tarago babu. An haɗa shi da jirgin kaya an tafi da shi suna can wajen ɗibar ruwa. Uwa da 'ya suna zaune kan tsakuwa da bokiti biyu. Rigar makaranta, allo, tabarma, duk sun bi taragon. Na daɗe ina kallon fuskar matar, ina jira ta roƙi ɗaki, don in gane ko shiri ne. Ba ta roƙa ba. Ta ce in yi haƙuri, ta jawo waƙa ƙofata.

Na kama hannun yarinyar na kai ta makaranta da kaina. Hedimasta ya ce babu mai shiga aji ba riga, kuma daman ya san ba 'yar gidana ba ce.

"Ranka ya daɗe," na ce, "ƙofa ka nema, kuma ƙofata yaranka suka zo, ga yarinyar na kawo. Gwamnati yaro ta kira ko riga?"

Malaman suka sunkuyar da kai. Hedimasta ya ce ta zauna a baya har ta sami riga. Ta shiga da zanenta jiƙe, ta zauna.

Uwa da 'ya suka koma kwana a rumfar kasuwa, yarinyar tana zuwa ƙofata kamar da, ni kuma ina leƙa famfo kamar da. Uwar ba ta hau jirgi ba sai da 'yarta ta gama aji shida, suka tafi tare. Yarinyar an ce ta zama nas a Zonkwa. Hedimasta an mayar da shi Fadan Kaje, can ya yi ritaya. Yayan kakanku ya rasu da gonarsa cif, ba wanda ya zo nuna ta. Matar kuwa, har yau ban san garinta ba.