Injin Malam Habu da fadamar Bilki

Shekara bakwai ke nan da muka kai Malam Habu makwancinsa a Maska. Abokina ne tun na ƙuruciya, malamin kimiyyar sinadarai, wanda ya ajiye koyarwa ya dawo Funtuwa da wani aiki da har yau nakan sha wuyar bayyana wa mutane.

Zare yake yi, amma na gawayi. Yakan kwaso ragowar audugar da ake zubarwa a wurin gurza, ya narkar da ita da sinadarai, ya ɗura a sirinji. Akwai injin da ya harhaɗa da kayan cikin tsohuwar talabijin, wanda ke jan ruwan nan da ƙarfin lantarki har ya zama zaren da gashin kai ya fi shi kauri nesa ba kusa ba. Sai ya gasa shi a rufaffiyar tanda. Abin da ke fitowa baƙi ne wuluk, cike da ramukan da ido ba ya gani. Su ne ke kama iskar nan da ke tashi tare da hayaƙi tana ɗumama duniya.

Duk wahalar a ramukan take. Ruwan toka ne ke buɗe su, irin wanda mata ke tacewa daga tokar karan masara don miya. In ya yi yawa, ramukan su yi faɗi, iskar ta wuce abinta. In ya yi kaɗan, su ƙi buɗewa. Rani da damina yana nan yana canja zafin tanda da kaifin tokar. Wata tsohuwa a Gozaki da yake sayen tokar wurinta takan ce, "Malam, wai miyar nan taka har yanzu ba ta nuna ba?" Ya ce, "Iya, saura ƙiris." Da ƙiris ɗin nan ajali ya riske shi.

Fataucin auduga ya kai ni ƙasashe da dama. A Malesiya an shiga da ni wani ɗakin bincike, na ga irin injin Habu sak, sai dai nasu yana cikin sanyi, matasa kewaye da shi. A Turkiyya ma na gani. Can in malami ya faɗi, ɗalibansa ke ɗorawa daga inda ya tsaya. Mu a nan na ɗauki kwalaben zarensa na shiga ofis-ofis, kowa ya ce madalla, ya ce in dawo bayan an zauna. An gayyace ni taron sauyin yanayi, aka raba huluna da jakunkuna, aka tashi. A hanyar komowa ta Malumfashi, gonaki dama da hagu ana ta ƙone kara. Da Habu zai ga yadda ruwa ke makara yanzu, in ya zo kuma ya kwantar da masara, anya zai iya zama a irin taron nan har a rufe da addu'a?

Bana aka tashi raba gadonsa, don ɗansa zai yi aure, ana buƙatar ɗakin da injin yake. Yayan Habu, Alhaji Ado, ya kira masu sayen tsoffin ƙarafa su kwashe injin da tandar. Sai Bilki, 'yar Habu da ta karanta abin da ubanta ya karanta, ta ce wa 'yan'uwanta su riƙe fadamar Danja da ta faɗo mata, su bar mata kayan.

"Ke Bilki, ƙarfe za ki ci?" in ji Alhaji Ado.

"Baba, in aka farfasa shi ba mai sake haɗa wani," ta ce.

Ya juyo wurina. "Alhaji, kai da ka ga duniya, ka gaya mata gaskiya mana."

Na dubi injin, na auna maganar a raina. Gaskiyar ita ce Alhaji Ado bai yi kuskure ba, fadama tana ciyar da gida. Ita ma ba ta yi kuskure ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne a ce ƙasa guda, da jami'o'inta da ma'aikatunta, sai marainiya ce za ta ba da gonarta kafin aikin nan ya tsira.

Abin da ya rage na Habu ke nan, ba suna a allo ba, ba lambar yabo ba: inji ɗaya, da 'ya mai taurin kai irin nasa. Allah ya jiƙansa. An bar wa Bilki kayan, suna zaurena, takan zo ta kunna duk ranar da aka kawo wuta. Fadamar kuwa tuni an dasa mata rake, na wani.