Bijimin da Kawu Kumandan Ya Hana Komawa Gida

Duk wanda ya san Kawu Buba, wanda mutanen bakin ruwan Lagdo suke kira Kumandan, ya san ba ya shiga jirgi da littafi sai ya ɗaure shi da gora. Zai nannaɗe littafin a leda, ya ƙara wata ledar, ya ƙulle da igiyar koma, sa'an nan ya ɗaura ɗaya bakin igiyar a wuyan gora irin ta masunta. Shi kansa kuwa ko rigar ceto bai taɓa sawa ba. In ka yi masa magana sai ya ce mutum ya iya iyo, littafi bai iya ba.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, sunana Hamadu, kuma sana'ata gyaran injin jirgi, abin da Kawu ya fi tsana a duniya. Har ya mutu bai yafe mini wannan sana'a ba. Shi jirginsa iska ke tura shi. Buhunan shinkafa ya farke ya ɗinke, ya kafa a kan doguwar sanda. In iska ta ɗauke, sai ya zauna a tsakiyar ruwa ya kwance littafinsa, ya yi ta karatu har ta ga dama ta dawo. Kifin da ya kamo yana can yana laushi a rana, shi ko a jikinsa.

Da damina, lokacin da hukuma ke rufe ruwa don kifi ya hayayyafa, masu jirgi ba su da aiki sai ɗinkin koma da gardama. Kawu ne ya mai da wannan zaman banza ya zama zaman karatu. Bayan la'asar mukan taru a ƙarƙashin darbejiyar da ke kusa da inda ake jan jirage tudu, kowa ya kawo littafin da ya fi so, na Hausa da fatake ke shigo da su daga Mubi da Yola. Kawu ne mai karantawa, kuma shi ne alƙali. In marubuci ya sa wani ya kama giwan ruwa da ƙaramin ƙugiya, sai ya rufe littafin, ya dube mu ta saman tabarau ya ce wannan marubucin bai taɓa jiƙewa ba. Shi ke nan, an yanke wa littafi hukunci.

Hajja Dija mai banda, wadda ita kaɗai ce mace a zaman kuma ta fi mu duka baki, littattafan soyayya take kawowa. Kawu ya karanta mata ɗaya har tsakiya, sai ya tsaya ya ce tun da aka fara labarin nan saurayi da budurwa suke tsaye a ƙofar gida, ba wanda ya ci abinci, ba wanda ya je aiki. Ya ce ko dai aljanu ne, ko marubucin maƙaryaci ne. Daga ranar ya haramta soyayya a ƙarƙashin darbejiya. Hajja ta ce Allah ya kai mu.

To, duk wannan wasa ne. Abin da ya mai da zaman ya zama na gaske shi ne Baba Matiyu.

Baba Matiyu mutumin Yagwa ne, Kirista, ya zo Lagdo tun yana da ƙarfinsa, kuma tun lokacin shi da Kawu jirgi ɗaya suke shiga. Ran Lahadi ba a fara karatu sai ya dawo daga coci, ran Juma'a kuwa shi ke tsare jirgi har a sauko daga masallaci. Bai iya karatu ba, amma ban taɓa ganin mai sauraro irinsa ba. Da tsufa ya kama shi, matarsa kuma ta rasu, 'ya'yansa suka matsa ya tattara ya koma Yagwa wurinsu. A daminar nan muna cikin wani littafi mai kauri, wanda bangonsa ya daɗe da cirewa, labarin wani falke da bijiminsa ya ɓace, ya bi sawunsa gari-gari. Baba Matiyu ya faɗa a gaban kowa cewa ya yi wa 'ya'yansa alkawari: ranar da ya ji ƙarshen labarin bijimin nan, washegari zai hau mota.

Na ga fuskar Kawu a lokacin. Ya lanƙwasa gefen shafi ya rufe littafin. Shi ma Kawu matarsa ta riga shi gidan gaskiya, 'ya'yansa suna kudu, kuma duk mun san in Matiyu ya tafi, Kawu zai zauna a jirgin nan shi kaɗai.

Daga ranar bijimin nan ya shiga uku. Littafin da ya kamata mu gama kafin a buɗe ruwa sai ya ƙi ƙarewa. Da farko dabarun Kawu masu sauƙi ne. Yau ya ce tabarau ya ɓace, gobe ya ce an manta inda aka tsaya, a koma baya kaɗan, kuma kaɗan ɗin nan sai ka gan mu a babin farko. Da dabara ta ƙare sai ya fara ƙari. Idonsa na kan takarda, yatsansa na bin layi, amma abin da ke fita daga bakinsa babu shi a ciki. Bijimin da marubuci ya bari a can ƙasar Hausa sai ga shi ya tsallako iyaka. Ya ci ciyawa a Pitowa, ya tunkuyi wani jandarma a hanyar Ngaundare, a damina ta gaba aka hau da shi babur zuwa Banyo. Wallahi babur! Mu da muka iya karatu muka yi ta kallon ƙasa muna cizon leɓe.

Baba Matiyu ya girgiza kai ya ce, "Sobajo, wannan marubucin ya san ƙasarmu sosai."

Haka yake kiran Kawu da Fillanci, wato aboki. Kawu ya gyara tabarau ya ce, "Ai wannan ya jiƙe."

A shekarun nan ne iska ta kifar da Kawu da Baba Matiyu wata rana da hantsi, ita da buhunan shinkafar Kawu. Na tayar da inji na bi su a guje. Na iske tsofaffi biyu sun rungume jirgi a kife, ruwa na dukan haɓarsu. Na ja Baba Matiyu na shigar da shi, na miƙa wa Kawu hannu, sai ya doke hannun ya nuna mini gora can tana tafiyarta.

"Kamo littafin tukuna."

Na ce masa akwai dorina a wajen nan, ya bari in fitar da shi. Ya matso da bakinsa kusa da kunnena yana haki, don kada abokinsa ya ji.

"Kai wawa ne? In littafin ya nutse, da me zan riƙe shi?"

Na je na kamo gora. Da na dawo na ɗauke shi, godiyar da na samu ita ce injina ya cika wari, kuma da na ƙyale su da iska ta kai su gaɓa.

Hajja Dija kuwa ba ta manta da haramcin da aka yi mata ba. Wata rana Kawu ya tafi alwala ya bar littafin a kan tabarma, kafin ya dawo ta buɗe baya ta karance ƙarshen tas. Ba ta ɓoye ba. Ta jira shi ya zauna, ta ce cikin murya mai daɗi, ita fa yanzu ta san inda bijimi yake, kuma bakinta ƙaiƙayi yake yi. Ban taɓa ganin Kumandan ya ji tsoron mutum ba sai ran nan. Ya ja ta gefe suka yi ta ƙus-ƙus. Washegari muka zo, sai muka ji sanarwa: an ɗage haramcin soyayya, kuma kafin a taɓa bijimi kullum sai an karanta babi guda daga littattafan Hajja. Sharaɗinta kuma, in budurwa ce ke magana, da muryar budurwa zai karanta.

Ku tuna fa, mutumin da in ya yi tsawa daga tsakiyar ruwa ana jinsa a kasuwar kifi. Shi ne zaune da farin gemu yana siranta murya yana cewa zuciyarsa ta narke. Masu banda suka bar kifi a wuta suka zo kallo. Baba Matiyu ya yi dariya har ya faɗo daga kan turmin da yake zama. Kawu ya sha wannan wulaƙanci damina bayan damina bai taɓa yin ƙorafi ba, sai ma ya gane abin ya yi masa rana, tun da babin Hajja na cinye rabin lokaci.

Wanda ya kusa ɓata shirin shi ne babban ɗan Baba Matiyu. Ya gaji da jin zancen bijimi a waya, ya ɗauko mota tun daga Yagwa ya zo da kansa. Mutum ne mai ladabi. Ya durƙusa ya gai da Kawu, ya ce ba gardama ya zo yi ba, so yake kawai ya ga abin da ya rage a littafin, in kaɗan ne sai ya kwana biyu a gama su tafi tare. Gabana ya faɗi, don na san abin da ya rage bai kai kaurin ganyen darbejiya biyu ba. Kawu ya kwance leda a hankali, ya sa yatsa inda aka tsaya, ya ɗaga littafin sama. Sai ga abin da ya rage ya fi wanda aka karanta kauri. Ɗan ya sauke ajiyar zuciya, ya ce to Baba, sai baɗi. Ya bar buhun shinkafa ya juya.

Da motar ta ɓace na karɓi littafin na buɗe baya. Me zan gani? Littafin gyaran injina, na Faransanci, mai hotunan fulogi da farfela, wanda na yi wata da watanni ina nema har na zargi abokan aikina. Kawu ya farke shi ya ɗinke a bayan bijimi da zaren koma. Na ce Kawu, wannan ai sata ce. Ya ce in yi shiru, tun da aka ƙera inji yau ne ya fara yin amfani.

Daminar bara ciwo ya kwantar da shi. Muka kai shi lopital, wato asibiti, a Garwa, suka ba da magani suka ce a koma gida. Zaman karatu ya tashi daga darbejiya ya koma zaurensa. Idonsa ya daina ganin rubutu, don haka ya miƙa mini littafin, ya riƙe wuyan hannuna ya ce a hankali, kada in kuskura in kai bijimin gida. Na yi iya ƙoƙarina. Ni ba gwanin ƙirƙira ba ne, sai na sa bijimin ya tsaya a kan gadar Garwa ya hana motoci wucewa. Kawu daga kwance ya ce ƙarya nake yi, bijimin nan ya fi ƙarfin ya tsaya a gada, sai dai ya yi iyo ya haye Binuwai. Baba Matiyu ya goyi bayansa. Suka haɗu suka yi mini kaca-kaca, kuma wannan ce dariyar ƙarshe da na ji Kawu ya yi. Kafin a buɗe ruwa Allah ya karɓi abinsa.

Bayan an share makoki muka koma ƙarƙashin darbejiya, ni da Hajja da sauran masu jirgi. Baba Matiyu na kan turminsa. Na ga babu sauran dalilin riƙe tsoho, kuma haƙƙinsa ne. Na buɗe littafin na ce masa, Baba, bari in karanta maka ƙarshen.

Ya ce, "Rufe, ɗana. Bijimin ya koma gida da ƙafarsa, mai shi ne ya yi ta yawon banza. Ya dawo ya iske shi a turke."

Hajja ta dafe ƙirji ta rantse ba ita ta faɗa ba. Ya ce ya sani. Ya ce littafin ai ba guda ɗaya aka buga ba, jikarsa ta samo irinsa a kasuwar Garwa tun daminar farko, ta karanta masa har ƙarshe. Na tambaye shi, to duk shekarun nan me ya sa bai faɗa ba?

"In na ce na ji, sai in tafi. Na yi alkawari." Ya share ido da gefen rigarsa. "Shi yana jin kunyar ya ce mini zauna, ni ina jin kunyar in ce ba na son tafiya. Sai muka bar bijimi ya yi mana magana."

Ni dai na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Washegari ɗansa ya zo da mota. Muka raka shi har bakin titi, ya shiga bai waiwayi ruwa ba.

Allah ya jiƙan Kawu Buba, ya yafe masa ƙaryar da ya yi don ƙauna, ya sa ya huta. Baba Matiyu kuma, Allah ya ba shi haƙurin zama a Yagwa, ya kawo masa wanda zai zauna kusa da shi bayan la'asar. Amin.