Hodar Riƙe Ruwa da Sa Hannun Malam Simeon

A shekarar 1984 aka yi maganin fari a ƙasar Kurfi. Yana nan a shafin farko na rahoton wani shirin noma, kuma har yau ba wanda ya ƙaryata shi a rubuce. Maganin wata farar hoda ce daga ƙasar waje. In aka gauraya ta da ƙasa takan sha ruwa ta kumbura, ta riƙe wa saiwa laima. Tare da ita aka kawo wani iri mai suna kanola, ɗan ƙasar sanyi, wanda zai ba mu man da gyaɗa ta daina ba mu.

Wanda aka ɗaura wa hodar a bayan keke shi ne Malam Simeon, malamin gona, mutumin kudancin Zariya, da ya zo mana tun farin saba'in da uku. Kullum kafin rana ta ɗaga ya fita daga Kurfi ya bi gonaki. Ba ya wa'azi. Tsugunawa yake yi ya cusa yatsa a ƙasa, ya dubi gabas.

Gonar gwaji tana Birchi, ta Malam Audi ce, mai bakin ci tara da gona ɗaya. Rabi kanola, rabi gero, duka da hoda. Mutanen Birchi binne suke yi: su rufe gero a busasshiyar ƙasa, ya kwanta har ruwan kirki ya zo ya tashe shi. Yayyafi ba ya isa gare shi. Simeon ya shaida wa manajan shirin a Dutsin-Ma cewa hodar za ta riƙe yayyafi ta ruɗi iri. Manaja, mai digiri biyu, ya tambaye shi a wace jami'a ya karanta haka.

Cikin Mayu aka yi yayyafin da bai jiƙa riga ba. Kwana huɗu, gonar Audi ta yi kore shar a tsakiyar gonaki jajaye. Manaja ya zo da mai hoto. Audi ma ya zolayi Simeon, wai malamin gona ne kaɗai ya ga tsiro ya ɓata fuska.

Daga nan sama ta kulle. Simeon ya riƙa zuwa safe da yamma, yatsa a ƙasa. A rana ta tara laima ta kai gaɓar yatsa ɗaya. A ta goma sha biyu babu. Kanola ce ta fara kwanciya, gero ya bi ta. Audi ya daina zolaya, ya koma raka shi bakin hanya. Da ruwan gaske ya sauka bayan kwana ashirin da ɗaya, binnen maƙwabta ya fito. Gonar Audi kuwa fayau, kuma rumbunsa ba ko zangarniya, don bara ma fari aka yi.

"Malam, kwana nawa ya rage mini?" in ji Audi.

"In ka sake shuka cikin mako, Malam Audi, za ka ci. In ya wuce, ban sani ba."

Akwai irin gero a siton shirin. Amma Malam Atiku mai kula da sito ya nuna masa ƙa'ida: ana ba manomi iri ne in gwaji ya lalace, ko ta laifin kaya ko ta sakacin ma'aikaci. Hoda ba ta da laifi, don rahoto ya riga ya tafi Kaduna. Manaja kuma yana taro. Simeon ya yi kwana uku a kan benci yana jiran manaja, yana jin ƙasar Birchi tana bushewa. A na huɗu ya ce a ba shi takardar amsa laifin sakaci.

"Ka san abin da za ta yi wa fayil ɗinka?" Atiku ya tambaya.

"Miƙo biron dai, Malam."

Da yamma aka gan shi yana turo keke da buhu. Audi ya shuka washegari. Geron bai yi kyau ba, amma bakin nan tara sun ga kaka.

Malam Simeon, kai ne malamin da ƙasa ta koya wa karatu, mai yatsa a ƙasa. Mutanen Birchi sun gode, mu ma da muke cin tuwo ba mu san tsoron Mayu ba mun gode. Matasan da ke fitowa daga makarantun noma, ku tsuguna ku saurari mai gona kafin ku kira mai hoto.

Manaja ya samu ƙarin girma, yanzu yana ba gwamnati shawara kan fari. Malam Simeon zai aje aiki ƙarshen watan nan. Sau uku sunansa ya je gaban kwamitin ƙarin girma, sau uku aka buɗe fayil aka tarar da takardar da ke cewa shi ya lalata gwajin Birchi, da sa hannunsa a ƙasa, ba ko gyara.