Ruwan Zafin da Ƙafata Ba Ta Ji Ba

Salamu alaikum. Wata bakwai ban ce uffan a nan ba. Masu kawo ɗinki shagona na Roni da kuke ta zagina a ɓoye, ku yi haƙuri, ga abin da ya same ni.

Kamar wasa ya fara. Sai in ji kamar kiyashi na yawo a ƙafafuna. Daga baya silifas ya riƙa zarewa a hanyar masallaci ban sani ba. Ina taka keken ɗinki, amma ba na jin abin da nake takawa.

Inna, mahaifiyata, ta ce sanyi ne, gashi yake so. Ta zuba ruwan zafi a baho, na tsoma ƙafar dama. Ta tambaya ko na ji, na ce ko kaɗan. Ta ce ai gashin da bai sa mutum ya ce wash ba bai shiga ba, ta ƙaro tafasasshe daga tukunya. Ni kuwa wallahi waya nake dannawa.

Da na ciro ƙafar, fatar ta sale.

A asibiti a Kazaure aka ɗebi jinina, aka ce ciwon suga ne, ya daɗe a jikina. Likita ta ƙwanƙwasa mini gwiwa da bayan dunduniya da 'yar gudumar roba. Ƙafar ko gezau. Ta ce a jikin mai lafiya, da zafi ya taɓa fata saƙo yake bin jijiya zuwa lakar baya, nan take umarni ya dawo a fizge ƙafar, tun ƙwaƙwalwa ba ta sani ba. Nawa jijiyoyin suga ya cinye su, saƙon ba ya isa.

Na ce, "Likita, za su dawo?"

Ta ce, "Mu dai ceci abin da ya saura."

Sati biyar ana wankin ciwo kowace safiya. Na gadon kusa da ni yana ihu, ni shiru, har ƙyashin ihunsa nake yi. An yanke yatsu uku. Ciwon ya warke, ji bai dawo ba, na kuma daina sa rai. Keken na can a lulluɓe.

Na gode wa Allah, na gode wa ma'aikatan jinya da duk wanda ya leƙo ni.

Don Allah, in ƙafa ta daina ji, a je a gwada suga. Kada a gasa ta. Ruwan wanka ma a fara taɓa shi da gwiwar hannu.

Ku sa Inna a addu'a, ta rame fiye da ni. Kullum da safe ita ke duba mini tafin ƙafa, ta matsa ta ce, "Ka ji?"

Jiya na ce mata na ji. Har ta raba ƙosai sadaka. Allah Ya yafe mini.