Zanen da Iya Ta Ƙi Kaiwa Karofi

A ƙauyenmu, can bayan Bagwai, kakata Iya Tabawa ce mai ɗaurin zane. Farin ƙyalle take samu, ta riƙa sa tsakuwa tana ƙullewa da zare tamau, sannan a kai wa marina a karofi su tsoma a baba. In an kwance, duk inda zare ya kama rini bai shiga ba, sai ka ga fararen zobba a kan shuɗi. Kowane salo da nufinsa. Zobba a jere na amarya ne, babba da ƙanana kewaye da shi na mai jego ne, wai uwa da 'ya'yanta. Mafaɗaciya ce, Allah ya jiƙanta. Ka taɓa mata zare, ka sha ranƙwashi.

Ina 'yar shekara tara fari ya ƙone gonaki. Rumbu ya ƙare tun kafin bazara, har irin shuka aka daka aka ci, muka koma kan dusa da ganye. Bayan magariba Iya takan hura wutar kara, ta zaunar da ni da ƙanwata Ladi, ta ba mu tatsuniya a madadin tuwo. Kullum a cinyarta akwai wani farin zane cike da ƙulli, wanda ta ƙi kaiwa karofi.

"Ga ta nan tafe, ku matso kusa," in ji ta wata rana. Wai wata mata ce aljanar karofi ta ba ta zane mai ƙulli dubu. In ta yi haƙuri har ruwan shuka ya sauka, kowane ƙulli zai zama damin hatsi. In kuwa ta kwance kafin nan, tuwon kwana uku kawai za ta samu. Ga 'yarta a gefe tana kukan yunwa.

Ladi, da ta rame har idanunta sun faɗa, ta ɗago kai.

"Ta kwance mana, Iya. Yarinyar fa yunwa take ji."

Iya ta daɗe tana tona wuta, sannan ta ce, "Ke dai kwanta, uwar surutu. Gobe ma ji ƙarshenta."

Ba mu taɓa jin ƙarshenta ba. Zawo ya kama Ladi, jikin kuwa babu abin da zai riƙe shi, ta rasu saura kwana goma ruwa ya sauka. Ranar da ya sauka, Iya ta kira babanmu, ta shimfiɗa zanen nan ta fara tsinke zare. Ba tsakuwa ce a ciki ba, gero ne, kowane ƙulli daidai ramin shuka guda. Baba ya zauna daɓas a ƙasa. Geron nan aka shuka, shi ya ciyar da gidanmu da kaka ta yi.

Na yi shekaru ina jin haushinta, ba zan ɓoye ba. Sai da na yi haihuwar fari, ta zo mini da zanen mai jego, na tambaye ta yadda tatsuniyar ta ƙare.

"Ba tatsuniya nake ba ku ba, 'yar nan," ta ce. "Shawara nake nema. Yarinyar ta ba ni, na ƙi ɗauka."

Yau ina da jikoki, kuma har yanzu ban san abin da zan ce wa matar nan ta yi ba. Na dai san da geron nan na rayu, Ladi kuwa ko ƙwaya ɗaya ba ta ɗanɗana ba.