Marafan Kwalbar Shekari

Shekari maƙwabcina ne a unguwar Romi. Ya karanta kwamfuta, ya fito da takarda mai kyau, sannan ya shekara shida yana tuƙa keke napep tsakanin unguwannin Television da Barnawa. Ba shi kaɗai ba ne, don haka ba wanda ya yi mamaki.

Da wani ƙaramin kamfanin manhaja ya kira shi intabiyu, sai ya dage da atisayen tambayoyin da akan yi. Ɗaya ta tsaya masa a wuya, wadda suke ce wa postfix. A ciki lambobi ne ke fara zuwa, alamar lissafi ta biyo baya: takwas, uku, ɗebewa. Kana ɗora lamba kan lamba, idan alama ta zo ka ɗauki biyun sama ka yi aiki da su. Amsar biyar ce. Shi kuwa kullum sai ya ɗebe takwas daga uku, saboda ukun ce ke fara zuwa hannunsa.

Ba shi da laftof. Sai ya tara marafan kwalbar lemo, ya rubuta lambobi a ciki. In fasinja ya yi wuya, ya jera su ɗaya kan ɗaya a kujerar keke, na sama ya ajiye a dama, na ƙasa a hagu. Direbobi suka ce caca yake koya. Ni ma na yi masa dariya, ban ɓoye ba.

Ranar intabiyu ya nemi marafan ya rasa. Yayarsa Judith ta share su tun da safe.

"Yaya, ina kayana?"

"Wane kaya? Sharan nan za ka kai ofis? Abeg, ka tafi kamar mutum."

Ya tafi ransa a ɓace. Shekarunsa talatin da uku, kuma ya san ba kullum ake irin wannan kiran ba.

Wata Madam Diana ce ta yi masa tambayoyi. Kamar ta sani, ta rubuta masa doguwar postfix mai ɗebewa biyu da rabawa ɗaya. Shekari ya kalli takardar, kansa ya ɗauki zafi. Sai hannuwansa suka fara aiki a kan tebur, suna ɗora abin da babu, suna ajiyewa dama da hagu.

"Me kake jerawa?" in ji ta.

"Marfin kwalba, Ma."

Ta leƙa tebur ba ta ga komai ba, ta duba amsa ta ga daidai. Suka ɗauke shi. Na yi murna ƙwarai, har na ji kunyar dariyata.

Yanzu watansa takwas a can. Na tambaye shi ko postfix ɗin na ba shi wahala. Ya ce tun ranar ba wanda ya sake ambatarta, injin firinta yake gyara musu.

Amma har yau in ya buɗe lemo, aljihunsa marfin yake shiga.