Yunwa Cikin Babbar Riga

Kyamarar ta wani Bature ce mai haƙar rijiyoyi. Da aikinsa ya ƙare a yankin Gazawa sai ya bar mini ita da fim ɗaya a ciki, don ni nake fassara masa abin da mutane suke faɗa, ko in ce rabin abin da suke faɗa, rabin da ya dace kunnen baƙo ya ji. A lokacin ni sabon malamin lakol ne, wato makarantar boko, a wani ƙauye kudu da Gazawa, kuma farin nan na farkon shekarun saba'in ya riga ya kama ƙasa. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, mata na tonon gidan tururuwa suna neman ƙwaya. Na yi ta ɗaukar hotuna har fim ya ƙare. Ba a jima ba aka canza mini wurin aiki zuwa wajen Gidan Rumji. Na naɗe kyamarar cikin tsohon rawani, na cusa ƙasan akwati, na ce ranar da na shiga Maradi zan ba da wankin hotunan. Shigata Maradi bayan nan ba ta ƙirguwa, amma ko sau ɗaya ban tuna ba.

Bayan shekara goma sha ɗaya aka mayar da ni ƙauyen nan a matsayin daraktan lakol. Sai ka ce jirana ake yi, fari ya sake dawowa. Tun da babu aikin gona, dattawa sai zaman ƙofar gidan mai gari, ana gardamar wace yunwa ta fi wata, ta bana ko ta wancan karon. Ni kuwa da son a san da ni, duk lokacin da musu ya yi zafi sai in gyara zama in ce, "Ku bar gardama. Waccan yunwar tana nan cikin akwatina, na ɗauke ta a hoto." Na faɗi haka sau da yawa har ni kaina na soma ganin hotunan a raina: rumbuna wayam, mushen shanu, yara da manyan cikuna.

Ran nan labari ya zo cewa kumandan, babban jami'in gwamnati na yankin, zai kawo wata baƙuwa daga masu ba da taimako, za a zaɓi garin da za a kafa wurin rabon abinci. Aka kuma ce Turawa ba sa yarda da magana sai sun ga hoto. Mai gari ya aiko a kira ni.

"Mushe," in ji shi, don haka ake kiran malamin lakol, "ina yunwar nan da ka ce ka ajiye a akwati? Ranarta ta zo."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai waccan tsohuwa ce. Ta bana suke nema."

Ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda karatu ya lalata. "Yunwa tana da kwanan wata a goshi ne? Wa zai bambanta haƙarƙarin bana da na waccan shekara? Tashi ka tafi Maradi."

Na hau motar kasuwa. Mai wankin hoton wani dattijo ne da kakanninsa suka zo daga kudu, shagonsa na warin magani kamar asibiti. Ya jujjuya kyamarar, ya hure ƙurar jikinta, ya tambaye ni shekarun fim ɗin. Da na faɗa masa sai ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Malam, in mutum ne ai ya isa shiga lakol ɗinku, har ya kusa fita. Zan wanke, amma abin da ya fito, kai da Allahnka. Ka dawo bayan kwana huɗu."

Kwana huɗun nan ya faɗa daidai ranar zuwan baƙi, don haka na roƙi direban motar ya karɓo mini.

Ranar, tun da hantsi mai gari ya sa shela: kowa ya fito da tufafin da ya fi tsufa. Wannan umarni bai wahalar da kowa ba. Shi kansa ya ajiye alkyabba ya sa wata riga da ban taɓa ganinta ba, ina jin daga ƙarƙashin shimfiɗar doki aka zaro ta. Kumandan da baƙuwar suka iso, aka zauna ƙarƙashin gawo. Mai gari ya yi jawabi mai tsawo, ina juyawa da Faransanci. Yana cikin cewa muna da shaida wadda ido zai gani, sai ga motar kasuwa ta tsaya, direba ya sauko da ambulan. Na miƙa hannu, amma mai gari ya riga ni. Ya karɓa da hannu biyu, ya miƙa wa kumandan ko buɗewa bai yi ba.

Kumandan ya zaro na farko, ya daɗe yana kallo, ya ɗago ya dubi mai gari, ya sake duban hoton. Na leƙa ta bayan kafaɗarsa.

Mai gari ne, zaune bisa kujerar lakol, cikin wata babbar riga mai aska takwas, da agogo a hannu, da rediyo bisa cinya, ya ɗaga haɓa kamar wanda ya sayi kasuwar Gazawa da mutanen cikinta. Na biyu liman ne, cikin babbar riga, da agogo, da rediyo. Na uku sarkin noma. Na huɗu mahauci.

A nan ne abin ya dawo mini duka. Na tuna ranar da na fara fita da kyamarar na nufi wani rumbu, mai rumbun ya tare ni ya ce in na ɗauki rumbunsa babu komai ciki, da wane ido zai dubi surukansa? Na tuna babu wanda ya yarda in ɗauke shi a yadda yake. Hoto abu ne da jikoki za su gani, in ji su, ba za a bar wa jikoki tsumma ba. Sai aka aro rigar wani ɗan kasuwa da ke fatauci zuwa Katsina, aka ɗauki agogona da rediyona wanda ko batir babu, aka yi layi bayan aji, wannan ya tuɓe wancan ya sa. Wasu da ƙyar suke tsayuwa, amma da rigar ta hau jiki sai ka ga mutum ya cika kujera.

Baƙuwar ta tambaya ko waɗannan su ne waɗanda yunwa ta shafa. Na juya wa mai gari tambayar. Bai ko ƙifta ido ba.

"Gaya mata ba ƙiba ba ce, kumburi ne."

"Rediyon fa?" in ji kumandan.

Mai gari ya ce, "Ranka ya daɗe, da shi muke sauraron ko taimako ya taso."

Ta jera hotunan bisa tabarma, ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Can ta nuna wata ƙuna ta garwashi a bakin aljihun rigar, ta nuna ta a na biyu, ta nuna ta a na uku. Mutum goma sha tara, ƙuna ɗaya. Kumandan ya rufe baki da hankici, kafaɗunsa na rawa. Mutanen gari kuwa tuni sun manta da baƙi, sun yi caa a kan tabarma, kowa na neman kansa ko ubansa.

Hoto ɗaya ne kawai babu rigar a ciki. Wani Bafulatani ne tsaye da sandarsa, ya dafa wuyan wata jar saniya da ƙasusuwanta suka fito kamar an jingina itace. Shi ma na tuna shi. Da aka miƙa masa riga cewa ya yi, "Ni ana ganina kullum. Nagge za ka ɗauka." Ita ce ta ƙarshe a garkensa, kuma ba ta kai mako ba bayan hoton. Tun daga lokacin ya zauna a garin yana jan ruwa a rijiya yana shayar da dabbobin wasu.

Baƙuwar ta ɗauki wannan ta ce shi take so, za ta sa cikin rahotonta. Bafulatanin yana nan tsugune a gefe. Ya taso, ya karɓi hoton daga hannunta a hankali, ya kai shi kusa da ido. Sannan ya ce da ni, "Mushe, gaya mata saniyata ce. An tafi da ita sau ɗaya, ya isa." Ya sa cikin aljihu ya koma rijiya. Ita ma ba ta ja ba.

Wurin rabon dai a wani gari na bakin hanya aka kafa shi. Daga baya wani ma'aikacin buron kumandan ya gaya mini tun kafin su zo an riga an yanke haka, don manyan motoci suna kafewa a yashinmu. Muka riƙa zuwa can da jakuna muna karɓo jar dawa. Mai gari ya daina amsa gaisuwata har faɗuwar damina, amma ya aiko a karɓar masa hotonsa, kuma na ji an ce ya sa an yi masa gilashi.

Sauran na raba wa masu su. Da yawa cikinsu sun riga mu gidan gaskiya, sai iyalansu suka zo. Wata tsohuwa ta karɓi na mijinta, ta goge shi da gefen zane, ta ce, "Allah ya jiƙanka, malam. Shekara talatin muna tare, ban taɓa ganinka da riga irin wannan ba." Ta kai bakin ƙofa sai ta juyo, ta rage murya. "Mushe, in jikokinsa sun tambaye ka, tasa ce."

Sun tambaye ni kuwa, su biyu, a shekaru daban-daban. Na ce tasa ce, har da agogon.